Ranar da Jirgin Feshi Ya Kife

Filin da jirgin feshin auduga ke sauka yana bayan gonarmu, kusa da garin Hajj Abdalla. Wata safiya ruwan tur'a, wato magudanar ban-ruwa, ya ɓalle ya jiƙa filin. Da jirgin ya zo sauka, ni da yayana muka yi ta ɗaga hannu don mu hana shi, amma matuƙin bai gane ba. Yana sauka tayar ta nutse cikin laka, jirgin ya kife. Warin magani ya game ko'ina.

Matuƙin yana rataye kai ƙasa, yana ihu da Larabci: "Ku ja baya, guba ce!"

Na ce, "Yaya, don Allah kar ka je!"

Ya naɗe hancinsa da rawani, ya kutsa, ya yanke bel ɗin da lauje, ya jawo mutumin. Matuƙin ya tsira da karayar kafaɗa. Yayana kuwa ya daɗe yana fama da tari.