Tanazul da Gwiwar Mai Cafke

Har gobe wata Lahadi ta cikin watan Janairu ba ta fita daga raina ba, a shekarata ta biyu a gidan Mama Ummu Fahad da ke unguwar Murabba. Ku ƙannena da kuka shigo Riyad kwanan nan, musamman waɗanda aka ba ku tsofaffi ku kula da su, ku nake so ku ji wannan.

Sunana Hajara, daga Funtuwa. Shekara goma sha shida ina zaman aure, ban san wani aiki ba sai na gidana. Da Allah ya karɓi ran maigidana, na bar yara uku a wurin Inna na taho aikatau. Gidan farko da ofishin ɗaukar 'yan aiki ya kai ni, wata biyar na yi, kuma ba na son tuna shi. Ana kulle firji, ana kulle ƙofa, ni ma ina ciki. Daga can aka yi tanazul da ni. Ga wadda ba ta sani ba, tanazul shi ne kafilinki, wato wanda sunansa ke kan igamarki, takardar izinin zamanki a ƙasar, ya sauke ki ya miƙa wa wani. A takarda an ce sai da yardarki. Ni dai abin da na gani, an ce in haɗa kayana, aka sa ni a mota, ban san inda za a sauke ni ba. Allah ya ji ƙaina na faɗo gidan Mama. Amma tun daga ranar, ba na ƙaunar jin kalmar nan, don wadda aka ɗauka daga wuta aka kai inuwa ta san motar tana iya juyawa.

Mama ta kusa tamanin. Ɓarin jikinta na hagu ya shanye, harshenta ya yi nauyi. Aikina in ɗaga ta daga gado zuwa keke, in yi mata wanka da alwala, in ba ta magani da abinci. 'Yarta Madam Hissa ita ce kafilata a takarda. A saman bene take, tana fita aiki da safe.

Abin da ya ba ni mamaki da Mama shi ne wani wasa da ake kira besbol. Tana amarya ta bi mijinta Amurka karatu, suka shekara takwas, wata maƙwabciya ta koya mata kallonsa, bai sake ta ba har tsufa. Mutum ɗaya ke jefa ƙwallo kamar lemo, wani ya kai mata duka da sanda mai kama da muciya, wani kuma yana tsugune a baya da ƙarfe a fuska yana cafke wadda aka kasa bugawa. Iyakar abin da na gane ke nan. Da sanyi ba a wasan. Sai ƙungiyoyi su shiga sayen 'yan wasa da musanya da sallama. Kullum bayan karin kumallo Mama za ta ɗora babbar wayarta mai kama da faranti a cinya tana karanta labari, tana tsaki. Tana da wani littafi da take jera sunaye da hannunta mai lafiya, wani ta soke, wani ta ƙara. A kalandar bango kuma ta zagaye wata rana a tsakiyar Fabrairu da jan biro. Ban taɓa tambayarta ranar mece ce ba. Na dai san a satin nan ne kwantiragina zai ƙare.

Ga kuma abin da na ɓoye. Tun farkon sanyi gwiwata ta dama ta fara ciwo. Ta kumbura, in na durƙusa sai ta yi ƙara kamar an karya kara. Nakan ɗaure ta da tsohon ɗankwali a ƙarƙashin doguwar riga, in shafa man zafi a banɗaki, in buɗe taga don kada a ji warin.

Ran Lahadin nan da hantsi ina goge tayil a bakin ɗakin Mama, tana waya da ɗanta Fahad da ke Amurka. Larabcina na kicin ne, ita kuma tana gauraya shi da Turanci, ga nauyin harshe. Amma kalma huɗu sun fito tar. Ta ce, “Rukba ta'abana.” Rukba gwiwa ce, ta'abana kuwa mace ake ce wa ta gaji, ta ƙare. Sai ta yi ajiyar zuciya ta ce, “Tanazul. Kafin Fabrairu.” Na leƙa, na ga tana soke wani suna a littafinta, tana share ido da gefen mayafi.

Tsumman ya faɗi daga hannuna. Na ce shi ke nan, sun gani. Tana kuka ne don tausayina, amma an gama magana.

Ran Juma'a, ranar hutuna, na tafi unguwar Gubaira wurin Yaya Talatu, 'yar garinmu da ta haura shekara ashirin a nan tana sayar da abinci a ɗakinta. Na kwashe komai na faɗa mata, ina kuka a kan kwanon ɗanwake.

Ta ce, “Ke Hajara, sanyinki ya yi yawa, kamar tuwon jiya. Kuka za ki zauna kina yi har su ɗaure ki kamar akuyar layya? Wa zai karɓi gurguwa in ba gidan da kowa ya guda ba?”

Na ce, “Yaya, to ya zan yi?”

“Juma'a mai zuwa ki fito da jakarki kamar za ki kawo wanki. Kada ki koma. Ga tabarma, ga tukunya, ki taya ni tuya.”

“Su sa mini hurub fa?”

“Su sa mana. Rabin layin nan da hurub suke kwana, kuma ga su da ƙiba.”

Hurub shi ne kafili ya kai rahoto cewa kin gudu. Daga ranar igamarki ta mutu. Ba asibiti, ba fita da kwanciyar rai, duk motar 'yan sanda da ta rage gudu sai ki ji kamar ke ta gani. In aka kama ki sai gidan tarhil, inda ake tsare waɗanda za a kora, daga nan sai jirgi. Na san duk wannan. Amma na tuna ƙarar makullin gidan farko, sai na ce mata to.

Satin nan ban san ɗanɗanon abinci ba. Na haɗa jaka na tura ƙarƙashin gado. In Madam ta sauko da wata takarda a hannu sai in ce ta tanazul ce. In an buga ƙararrawar ƙofa sai in ce 'yan ofis ne. Na ƙara wa kaina aiki don a ga ƙarfina, har labule na sauke na wanke ba wanda ya sa ni. Salla ma a tsaye nake yinta da ruku'u da sujada cikakku, ina cije leɓe, alhali na san Allah ya yi rangwame ga mara lafiya ya zauna. Tsoron kada a gan ni a kan kujera ya fi ƙarfina. Wannan har yanzu ina neman gafararsa. Abin da ya fi ci mini rai kuwa, duk sanda na shafa wa Mama mai a ƙafa sai in ce a zuciyata, ranar Asabar wa zai san ba ta son ruwa mai zafi sosai?

Ran Alhamis da safe na zo ɗaga ta. Ga yadda ake yi, ku riƙe. Ki danne birkin keke. Ki zaunar da ita a bakin gado, ta rataya hannunta mai lafiya a wuyanki, ki tokare gwiwarta da ta shanye da taki, ki yi bismilla, ki miƙe da ita ki juya. Duk nauyin a kan ƙafarki yake na ɗan lokaci. Na yi bismilla, na miƙe, ina cikin juyawa sai gwiwar ta tafi kamar an zare ta. Abin da kawai na iya, na murɗa jikina don in riga ta isa ƙasa. Bayana ya bugu da tayil, ita ta faɗo a ƙirjina.

Na ɗauka na kashe ta. Wallahi na ɗauka na kashe ta. Na kasa ko salati.

Can sai na ji muryarta a kunnena. “Hajir. Kin mutu?”

“A'a, Mama.”

“Ni ma ban mutu ba. To kukan na mene ne?”

Nan bakina ya ɓalle. Na ce, “Mama, don girman Allah kada ku yi tanazul da ni. Gwiwar za ta warke. In ma sallamata za ku yi, ku mai da ni gida wurin 'ya'yana, kada ku ba da ni wani gida.”

Ta kalle ni. “Wa ya ce za a ba da ke?”

“Ke, ran Lahadi. Kin ce rukba ta'abana. Kin ce tanazul.”

Sai jikinta ya fara girgiza a kaina, na tsorata ko wani ciwon ne ya taso, ashe dariya ce. Ta ce in jawo wayar ta igiyar cajinta. Na jawo. Da yatsa ɗaya ta buɗe hoton wani ƙaton mutum a tsugune, da ƙarfe a fuska.

“Ga mai gwiwar. Wawiya.”

Na zame daga ƙarƙashinta a hankali, na sa mata matashi, na lulluɓe ta da bargo, na kira Madam a wurin aiki. Ni kaɗai ba zan iya ɗaga ta daga ƙasa ba, ga gwiwa ta ƙi taka ƙasa. Muka zauna a tayil muna jira, ita kuwa kamar an buɗe famfo. Ta ce mutumin nan shekara goma sha ɗaya yana tsugune wa ƙungiyarta. An sayo wani yaro, jerin sunaye ya cika, dole a cire ɗaya, sai aka saka shi a kasuwa na 'yan kwanaki, duk ƙungiyar da ke so ta ɗauka. Da Turanci akwai sunan abin, ita kuma da za ta faɗa da Larabci ba ta sami kalmar da ta fi tanazul ba.

Ta ce, “Yaron da suka sayo yana da hannu, ban musa ba. Amma bai san halin masu jifa ba. Tsohon nan kallo ɗaya zai yi wa mai jifa ya san ya gaji. Wannan ba a sayensa. Kuma har yanzu ba su nemo mai jifa da hagu ba, suna can suna barci.” Ta nuna kalanda da haɓa. “Ran nan za su taru a garin da babu sanyi su fara atisaye. Duk shekara ina cewa na bar su, in na ga koriyar ciyawar nan sai in koma. Ban sani ba ko saura nawa zan gani.”

Na ce, “Allah ya ƙara miki lafiya, Mama.” A raina kuma ina cewa, Hajara, a Hausa ma ai gwiwa mace ce, ta gaji ake ce mata.

Madam ba ta yi dariya ba. Da muka mai da Mama gado, ta duba ta tsaf ta ga gwiwar hannu kawai ta ƙuje, sai ta ce in ɗage rigata. Ta ga ɗankwalin, ta ga kumburin.

“Tun yaushe?”

“Wata biyu, Madam.”

“Wata biyu kina ɗaga mahaifiyata da wannan? Da kanta ne ya bugu fa? Me za ki ce mini?”

Na sunkuyar da kai. Gaskiya ta faɗa.

Ta kai ni asibiti da yamma. Likita ya zuƙe ruwa daga gwiwar, ya rubuta a riƙa yi mini gashin ƙashi, ya hana ni ɗaukar nauyi na wani lokaci. Aka kawo wata na'ura mai majajjawa da ke ɗaga mara lafiya daga gado. Jakar da ke ƙarƙashin gado ita kaɗai ban faɗa wa kowa ba, na warware ta ni kaɗai ina jin kunyar Ubangijina. Da na ba Yaya Talatu labarin mai gwiwar a waya, sai da ta yi dariya har ta sarƙe, ta ce, “Saura kaɗan ki zama 'yar hurub saboda gwiwar wani ƙato da bai san an haife ki ba!”

An sabunta mini kwantiragi a Fabrairu, amma Madam ta yi kusan wata biyu ba ta sake mini fuska ba, kuma ta faɗa mini ƙarara cewa in na sake ɓoye wani abu da ya shafi Mama, ranar zan bar gidan. Shi kuwa mai cafke, ba ƙungiyar da ta ɗauke shi. Ranar da labarin ya fito Mama ba ta ci abincin rana ba, ni ma na ji shi a raina kamar ɗan garinmu.

To ƙannena, masu gidan nan mutane ne, akwai na kirki, akwai waɗanda ba a fata, kuma kowannensu yana da abin da ke damunsa wanda ba ke ba ce. Mu kuma tsoro ya sa kunnenmu ya yi tsini, duk rabin maganar da ta fito ta bayan ƙofa sai mu ɗauka da mu ake. In kin ji rabi, ki yi sallama ki shiga ki tambayi sauran, kafin wata ta ba ki tabarma a Gubaira. In kuma jikinki ne ya gaza, ki faɗa tun da wuri ko da muryarki na rawa. Mai kula da tsoho ba ta da ikon ɓoye ciwonta, domin ba ita kaɗai ke tsaye a kan ƙafar nan ba.