Cajar da Na Ɓoye a Buhun Shinkafa

Damina ce mai nauyi, irin wadda kwatocin Makera ke cika har su shigo zaure. Shekarar duk na ji ta a jiƙe, kayan shanya ba sa bushewa, ni ma zuciyata haka. A lokacin ne aka zaɓi 'yata Hauwa'u ta yi jawabin bankwana ga Malama Rifkatu, wadda za ta ajiye koyarwa ta koma garinsu.

Ni sai da na girma na shiga ajin yaƙi da jahilci, amma magana a gaban jama'a gadonta na yi. Ko walima ake a layinmu, ni ake miƙa wa lasifika. Don haka ina wanke-wanke ina jera kalmomi a raina, ina jiran yarinya ta ce, “Umma, taimake ni.” Sai ga ta da waya.

“Umma, ji abin da manhajar nan ta rubuta min.”

Ta karanta. Wallahi ya yi kyau. Da ta kai inda aka ce malami yakan tafi ya bar muryarsa a bakin ɗalibansa, sai na ji hawaye, kuma hawayen ne suka fi ba ni haushi. Abin da ba shi da uwa ba shi da kaka, shi ne zai sa ni kuka a tsakar gidana? Na ce, “Ba laifi.” Da ta shiga wanka na ɗauke cajarta na tura cikin buhun shinkafa.

Ina zaune gaban murhu bayan magariba sai Kaka ta faɗo min a rai. Muna ƙanana, a Kakuri take soya waina wa ma'aikatan masaƙa, in ta sauke tanda sai mu kewaye ragowar garwashin. Ba ta farawa sai kowa ya jefa ɗan itacensa a wuta. “Mai kunne kyauta ya tafi gidansu,” in ji ta. Sannan ta gyara zama ta ce, “Ku matso, ga wata ta zo wucewa.”

Akwai tatsuniyar da take yawan yi mana, ta wani gora da aka rataye a bakin rijiya. Duk abin da masu ɗiban ruwa suka faɗa, goran na haɗiyewa: gaisuwa, rarrashi, ta'aziyya. Wata rana ya buɗe baki, ya yi magana mai daɗin da garin bai taɓa ji ba. Aka daina kiran sanƙiran gari, mai shela a taro. Baƙin ciki ya ci shi, ya sace goran ya nufi kogi zai fasa. Kafin ya ɗaga dutse sai ya kara goran a kunne, don ya ji abin da ya fi shi. Sai ya ji muryar mahaifiyarsa da ta rasu, tana rarrashinsa yana goye.

Nan Kaka takan tona wuta.

“Kaka, ya fasa?”

“Ke ja'ira, ke za ki iya? Mayar da shi ya yi. Kullum kuma sai ya je rijiya ya faɗa wa goran maganar da bai sani ba.”

“Ya daina jin haushi?”

“Ina fa! Da haushinsa ya mutu. Wuta ta kwanta, ku ma ku je ku kwanta.”

Muna yara dariyar sanƙira muke yi. Sai da na ga hannuna da ƙurar shinkafa na gane shi. Kalmomin da suka sa ni kuka na mutane ne, mata irina suka faɗe su a wani wuri, wayar ta tattara. Kishina kuwa ba na iya maganarta ba ne, na kunnen 'yata ne da ya juya wajenta.

Da safe na zaro cajar, na goge ta da gefen zani, na ajiye kusa da kokon Hauwa'u. Na ce, “Kin tuna ranar da ruwa ya cinye hanya kina aji ɗaya, Malama ta cire takalmanta ta goyo ki har ƙofar nan?”

Ta ajiye cokali. “Umma, wannan ai manhajar ba ta sani ba.”

“To, faɗa mata. Ki ce in ji ni.”