Iskar da Na Taɓa a Wuyan Yayana

Ni wanzami ne, iyakar karatuna firamare. Laifina a ciwon yayana ba na ɓoye shi, kwana guda cur na ɓata masa.

Kashegarin babbar Sallah ne, a gidanmu na Rigasa, zamanin mulkin soja. Yaya ya ci nama ya wuce misali, sai amai ya taso masa da ƙarfi. A yunƙuri na uku ya dafe ƙirji ya durƙusa, ya ce wani abu ya yage a ciki. Na yi dariya, na ce maiƙo ne. Na kafa masa ƙaho a baya, na sa aka dama masa kunun kanwa, na tilasta shi ya sha. Kowace kurɓa sai ya yi ƙara, ni kuwa ina cewa, "Haba Yaya, kamar ba namiji ba!" Allah Ya yafe mini wannan magana.

Da safe na tallabi wuyansa zan gyara masa matashi, sai na ji fatar tana ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin yatsuna, kamar ana murza busasshen ganye. Shekara ashirin ina taɓa wuyan mutane, ban taɓa jin haka ba.

A asibiti malamin da ke karɓar marasa lafiya ya ce gyambon ciki ne, ya rubuta farin magani, ya ce mu tafi.

Na ce, "Malam, taɓa wuyansa."

Ya dubi shaidar ƙaho a bayan Yaya ya ce, "Ka gama naka aikin, yanzu kuma za ka koya mana namu?"

Na ce, "Nawa na ɓata, na yarda. Amma ba inda za mu sai likita ya sa hannu a nan."

Na zauna a bakin ƙofa na miƙe ƙafa. Aka kira maigadi, ban tashi ba. Hayaniyar ce ta fito da likita. Ya danna wuyan sau biyu, ya tambaya ko an yi amai kafin ciwon ƙirjin, ya ce a yi hoto yanzu-yanzu. Hoton ya nuna hanyar abinci ce ta fashe, iska ta bi ƙarƙashin fata, kunun da na ba shi kuma a ƙirji ya taru.

Ranar aka yi masa aiki. Ya daɗe a kwance, ya rame ƙwarai, amma da ƙafarsa ya dawo gida.