Yaron da Bai Taɓa Buɗe Rumbu Ba

Jiya a tashar Ƙanƙara na ji direba yana ƙwala wa wani mai furfura kira, "Yaron mota!" Sai Baba ya faɗo mini a rai.

A Ruwan Godiya, kafin Turawa su tafi, mahaifina yana da 'ya'ya shida da furfura a gemu, amma a gandun kakanmu sunansa yaro. Shi ke noma, shi ke ɗaure dammunan dawa, amma tsoho ne kaɗai ke buɗe rumbu. In an kira shi yaro, sai ya shafa gemu ya ce, "Na'am."

Wata Juma'a muka dawo daga 'yar gayaunarsa, ƙaramar gonar da ake bar masa a gefen gandu, ƙamshin ruwan farko na tashi daga ƙasa. Ya durƙusa gaban kakanmu.

"Malam, ana saran daji a Damari. A yi mani izini in tahi in kafa nawa."

Tsoho bai ɗaga kai daga igiyar da yake tufkawa ba. "Yaro, saurin mi kake? In na kwanta dama duk naka ne."

Baba ya shafa gemu. Bai sake ta da maganar ba.

Shi ya riga tsoho kwantawa. Bayan damina uku zazzaɓi ya ɗauke shi. A bakin kabari na ji kakanmu yana cewa, "Ku sa mani yaron nan a hankali."

Allah ya jiƙan Baba, ya ba shi gida nasa na kansa a Aljanna, inda ba sai ya durƙusa wa kowa ba kafin ya buɗe ƙofa.