Bindigar Baban Larai ba ta tashi ba ran nan

Matso kusa, mai karatu, ka ji wata magana da na riƙe a ciki har ta fara ci na. Bana shekara bakwai ke nan da rasuwar maigidana, Baban Larai, mahauci a mayankar Oko-Oba, nan Agege. Har yau in aka ambace shi a Agege sai wani ya ce, "Allah sarki, wanda bindigarsa ta tashi da shi." Ba haka aka yi ba.

Mutum ne mai son farautar fakara, tsuntsuwar da maƙwabtanmu Yarabawa ke kira aparo. Lokacin da muka zo, ana murnar samun mulkin kai, bayan gidanmu gonakin rogo ne da itatuwan goro. Ranar da ba ya aiki, yana idar da sallar asuba zai saɓa bindigarsa mai baki ɗaya. Tsohuwa ce, gindinta har ya yi santsi don riƙo. Harsashinsa kuwa iri ɗaya ne tak, mai ƙananan dalma kamar ƙwayar gero. Ya ce shi mahauci ne, ya fi son tsuntsu ya faɗo da sauran rai ya sa masa wuƙa da bisimilla. Manyan dalma, masu girman wake, ya ce na gada ne, in ka sakar wa fakara su gashi kawai za ka tsinta. Bai taɓa shigo da su gidan nan ba. Kuma a karye, wato a buɗe, yake rataya bindigar a hannu, ba ya rufe ta sai ya ga tsuntsu da idonsa.

Ni ban taɓa bin sa ba, ba mai fita ba ce. Amma ina tsakar gida ina dama koko nake jin komai. Bindigarsa in ta tashi, tas take yi, sau ɗaya, siririya. Sai in ce wa Larai, "Ɗora ruwan figa, babanki ya samu." In ya dawo ya ce, "Ke dai da kunne ake harbi, da kin ƙarar da dajin nan."

Sai kuɗin mai suka shigo gari. Wanda jiya yake dako, yau ya sami kwangila, ya sayi mota, ya sayi bindiga mai baki biyu don a gani. Wani cikinsu, ba zan kama sunansa ba, ya san kansa, ya dami Baban Larai sai ya kai shi farauta. Ina bayan labule na ji su.

"Alhaji, wannan harsashin naka na gada ne."

"To, ba sai ya fi kashewa ba? Kai ma ka yar da wannan sandar tsohuwa, Malam."

"Sandar ta san hanya. Kai dai kada ka harbi motsin ciyawa."

Washegari da safe na ji ƙara biyu a jere, dum, dum, masu nauyi, har kajina suka watse. Na tsaya da ludayi a hannu ina jiran tas ɗin nan. Ba ta zo ba. Kafin hantsi aka shigo da shi a tabarma.

Dattawan unguwa suka taru a zaure. Suka ce mu baƙi ne a garin nan, in magana ta je ga 'yan sanda sunan Hausawa duka zai ɓaci. Suka ce a ce tuntuɓe ya yi, tasa ta tashi. Aka aiko mini da haƙuri, aka ce ƙaddara ce. Na yarda ƙaddara ce, wa ya isa ya ja da ita? Amma ƙarya ba ta cikin ƙaddara, mutane ne suka zauna suka ƙulla ta. Da aka dawo mini da bindigar na kai hancina bakinta. Ƙanshin man da ya shafa mata jiya ne, babu warin albarushi ko kaɗan. Ƙanensa da ya yi masa wanka ya faɗa mini girman dalmar da ya gani, sannan ya roƙe ni in yi shiru.

Na yi shirun. Ina takaba, ga 'ya'ya, ga manya sun yi magana. Kowace Sallah mutumin nan yana aiko da buhun shinkafa, ni kuma ina sa a mayar masa. Mata suna cewa na cika riƙo. Da ya zo da ƙafarsa sau ɗaya ya ce, "Ni ne, ki yafe mini," wallahi da tuni an wuce wurin.

Wani lokaci nakan ce, da Baban Larai zai leƙo yau me zai ce? Gonakin rogon sun zama gidajen bulo, wasu ma na mutumin ne. Fakara ta daina kuka da asuba, sai hon ɗin motocin haya na danfo. Masu bindiga mai baki biyu suna tafiya nesa a mota, suna harbi ta taga, har da damina lokacin da tsuntsaye ke kan ƙwai, abin da shi ko da wasa bai yi ba. Na san wannan zai ɓata masa rai. Amma abin da zai fi ƙona shi, shi ne ya ji ana ba da misali da shi in ana yi wa mutum faɗan sakaci da bindiga. Watan jiya a gidan suna wata ta faɗi haka a gaban Larai, yarinyar ta dawo ko abinci ba ta ci ba. Ranar na ce shirun ya isa.

Bai bar mana gida mai bene ba. Ya bar bindiga guda a naɗe cikin tsohon zanena, da suna na mutum mai kiyayewa, wanda shekara ashirin bai taɓa raunata ko karen wani ba. Bindigar tana nan. Sunan ne aka ɗauka aka rufa wa mai rai asiri da shi.

To kai mai karatu, in ɗan'uwanka ne, ko mahaifinka, shekara nawa za ka iya yi kana jin ana faɗin haka kana shiru?