Mabiyiyar Ƙanwata

Shekarar da aka fara sako ruwan Bakolori zuwa gonaki, ƙanwata tana da cikin fari a Birnin Tudu, inda mijinta ke yanka wa ma'aikatan dam shanu. Da cikin ya shiga wata takwas, Inna ta tura ni daga Talata Mafara in taho da ita ta haihu a gida.

Na iske ta ta cika, fuska ta yi suntum, zobe ya nutse a yatsa. Surukarta sai murna take, wai nama ne ya karɓe ta. Ni ma dariya na yi.

Washegari da hantsi muna tsintar shinkafa ta ce, “Yaya, kaina kamar shi tsage. Kuma wasu taurari nika gani.”

Kafin in amsa ta kife. Jikinta ya sandare, ya kama jijjiga, ta taune harshe har jini. Na ƙame da faifai a hannu. Matan gida suka ce iskokin ruwan da aka tare ne, suka shiga neman garwashin hayaƙi. Mijinta bai tsaya ba, ya tare motar yashi muka ɗauke ta sai asibiti.

Malamar asibiti ta auna jininta sau biyu, ta fita da gudu. Aka yi mata allura. Likita ya kira mu gefe ya ce, “Yau za a fidda abin da ke cikinta.”

Na ce, “Likita, watanta bai cika ba!”

Ya ce ciwon daga mabiyiya yake. Wai tun ciki na ƙarami takan kafa saiwa a bangon mahaifa, ta buɗe jijiyoyin jini don ta samu abin ciyar da ɗa. Ta ƙanwata ba ta kafu sosai ba, jini bai ishe ta ba, shi ne take zuba wani abu a jinin uwa har ya hau. Allura jijjigar kawai take tsayarwa, lafiya sai an raba uwa da mabiyiyar.

Haihuwata huɗu a lokacin, ban taɓa jin an ce mabiyiya tana iya kashe uwa ba.

Bayan aiki suka miƙo mini mabiyiyar a kwano in binne. Na buɗe. 'Yar ƙarama ce, duk fararen tabo, wuri-wuri ta yi tauri. Na wanke ta, na je na binne.

Sai kwana na biyu ƙanwata ta farka sosai. Na ɗora mata jaririyar, wadda ba ta fi damtsena ba. Ta daɗe tana kallon ta, ta shafa cikinta, sannan ta ce, “Yaya, wagga ɗiyar wa ce?”

Sati uku muka yi kafin a sallame su, su biyu.