Kwantan da Ba a Ɗumamawa

Shekarun baya, lokacin ina gidanmu a Gumel ban yi aure ba, likita ya tabbatar wa mahaifina yana da ciwon suga. Ya ba shi ƙwayoyi, ya ja masa kunne kada ya kuskura ya sha su da safe cikinsa ba komai.

Matsalar ranar Alhamis take. Baba dillalin shanu ne, ranar kasuwar Maigatari daga masallacin asuba yake wucewa tasha. Ya hana mahaifiyata tashi hura wuta saboda ciwon ƙafarta, sai ya kora ƙwayarsa da ruwa ya kama hanya. Wata Alhamis abokan sana'arsa suka dawo da shi a mota, ya jiƙe sharkaf da gumi. Ashe a tsakiyar karar shanu ya yanke jiki ya faɗi. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba.

Ni kuwa a gidanmu ba a sa ni cikin masu girki. In na tuƙa tuwo sai an yi ta tsince gudaji, ga nauyin barci kamar an danne ni da turmi. Abin da na iya shi ne latsa waya. A can na ga wata mata tana jiƙa ots, hatsin nan na gwangwani, a cikin madara, ta rufe ya kwana, da safe sai ci kawai. Na ce to, ga girkin da ya dace da ni, babu wuta babu muciya.

Ita a firji ta sa nata, mu kuwa wutar lantarki sai ta ga dama take leƙo mu. Sai na sayi kindirmo, na zuba ots a kwalba mai murfi, na ƙara dakakkiyar gyaɗa da ɗan dabino kaɗan. Na tona rairayin nan mai danshi na gindin randa na binne kwalbar har wuya. Ranar gwaji ce, ba ta kasuwa ba.

Da na tashi rana ta fito. Na tarar da Inna a gindin murhu tana juya wani abu a tukunya, ta yamutse fuska. Kindirmon ya tsinke, ruwa gefe, tsaki gefe.

"Inna! Me kika yi?"

"Ɗumamawa na yi. Kwantai ne fa. Ni zan miƙa wa ubanki abin da ya kwana da sanyinsa? Mutane su ji su ce me?"

Na yi bayani har bakina ya bushe. Ta ce ita tunda take, ba ta taɓa jin abincin da ya kwana aka ci bai ga wuta ba. Kaji ne suka karya da gwajina.

Ban haƙura ba. Ranar Laraba bayan magariba na sake haɗawa, na ɗauki kwalbar na je na durƙusa gaban Baba. Na ce, "Baba, don Allah gobe in ka idar da salla ka ci wannan kafin ka sha magani. Zai kwana a gindin randa, ba sai ka ta da kowa ba." Ya kalli kwalbar, ya kalle ni.

Da ya dawo daga kasuwa da yamma, da ƙafarsa ya shigo, har da tsarabar rake. Ya kira ni da sunan da yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

"Uwata, ashe gumba kika yi mini. Irin wadda ake dama mana da nono in za mu gona. Sai dai taki ta fi laushi."

Inna ta ce, "Au, Malam, da sanyin ka ci?"

Ya ce, "Ke kin taɓa ɗumama gumba?"

Tun daga ranar Baba bai ƙara faɗuwa a kasuwa ba. Har yau in na tuna sai na ji kaina ya ƙara girma, don ban taɓa yin abin da ya amfani gidanmu kamar wannan ba. Na kuma gane cewa tsofaffinmu ba ƙin sabon abu suke ba, so suke su gane danginsa tukuna.

Da aka kai ni Sule Tankarkar, damuwata ɗaya ce: wa zai riƙa haɗa masa? Larabar farko bayan biki, sai ga wayarsa. Mutumin da ban taɓa gani ya ɗauki ludayi ba, ya gaisa da ni a gurguje ya ce, "Uwata, na zuba kindirmon. Gyaɗar ce kafin dabino, ko dabinon ne kafin gyaɗa?"